Daren da Na Cusa Hula a Baki

A unguwarmu ta Magajiya kowa ya san bakina. Inna takan ce ko barci nake yi sai na tanka wa sauro. Ranar da malaminmu ya ce dare mafi tsawo a shekara yana nan tafe cikin sanyin Disamba, sai na tasa Kawu, direban babbar mota, a gaba: dare mai tsawo haka ai asara ne a ƙarar da shi a kan tabarma. Na ce ya kai ni kogin Gurara wurin abokinsa masunci, mu shiga kwalekwale.

Kawu ya ce, "Kai, aku? Kifi ba ya son surutu. Ko tari ka yi a ruwan nan, ka gama hawa motata har abada."

Motar Kawu kuwa ita ce duniyata. Na amince.

Bayan isha'i muka hau motar, muka wuce Lambata, muka gangara bakin ruwa. Masuncin, wani dattijo Banufe, ya rataya fitila a goshin kwalekwale, ya ce, "Ku zauna ƙasa, kada wanda ya miƙe. Kifi in ya ga haske tsalle yake yi. Ku ƙyale shi."

Sanyi! Haƙorana suka fara kiɗan kalangu, na cusa hulata a baki kada Kawu ya ce na yi magana. Taurari a sama, taurari a ƙasa, mu a tsakiya muna sulalawa. Zance ya cika min ciki har na ji ina kumbura.

Dattijo ya ƙwanƙwasa gefen jirgin da filafilin tuƙi. Fal! Wani kifi ya taso ya shige wuyan rigata, sanyi ƙalau, yana rawa a kan cibiyata. Na dantse hula, hawaye na zuba, ban ce uffan ba.

Na biyun kuwa babbar rigar Kawu ya zaɓa.

"Wayyo Allah, maciji!" Kawu ya zabura ya miƙe, jirgi ya karkace, sai tsundum! "Baba, cece ni, ban iya ruwa ba!"

Dattijo ko motsi bai yi ba. "Direba, tashi tsaye."

Kawu ya tashi. Ruwan rani ne, iya gwiwa.

A bakin gaɓa aka hura wuta, kifina na gasuwa, rigar Kawu na tururi. Ya harare ni. "To, aku, yi magana mana."

Na girgiza kai, na nuna masa mota.

"Na ji! Kujerar gaba taka ce. Amma kada Innarka ta ji wannan."

Sai a lokacin na zare hula, dariyar da na tara ta fashe har karnukan ƙetare suka amsa.

Kuma na cika alkawari, ban gaya wa Inna ba. Mai ƙosan ƙofar gidanmu na gaya wa, ita ta gaya mata.