Zambon da Na Ce Wasa Ne

A shekarun da mutane ke kwararowa Yola da ƙullin kaya a ka suna gudun masu tayar da ƙayar baya, ni ina ba da hayar lasifika da janareto a Jimeta. Karatuna bai wuce firamare ba, amma furfura ta sa ana jin maganata, samarin mawaƙa duk Bappa suke kirana. Akwai biyu a cikinsu da ba sa rabuwa, ɗaya Bafulatani ɗan unguwar Makama, ɗayan Babarbare da ya gudo da mahaifiyarsa daga Borno. A shagona suke gwajin waƙa, suna tsokanar juna kamar yadda Fulani da Barebari suka gada. Wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce ai Bafulatani ko rijiya ya faɗa, lafiyar saniyarsa zai fara tambaya.

Sai ga wani mai shirya wasanni ya shigo gari. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya kawo mana sabon salo, kiɗa mai tsauri, murya a buɗe, babu yabon masu kuɗi. Yaran da ba wanda ke kallo ya ɗora su kan dandamali. Rabin gari na sa masa albarka, rabi na tsine masa. Ya ce wa samarin nan biyu zumunci ba ya tara jama'a, faɗa ke tarawa, su yi waƙoƙin zambo su jefi juna. Suka ƙi. Sai ya biyo ta wurina, ya ce ai wasan da suke yi a shagona ne za a sa wa kiɗa, mene ne sabo a ciki? Ni kuwa ina son a ce da ni aka yi abin zamani. Na kira su na ce kada su zama ƙauyawa, kakanninmu sun yi wannan wasa ba wanda ya mutu. Babarbaren ya ce shi dai gabansa na faɗuwa, amma tunda Bappa ya faɗa, shi ke nan.

Baitin da ya jawo masifa, mutumin nan ne ya tsara shi a gabana. Ya ce Bafulatanin ya rera cewa a tambayi abokin nasa wa ya bar wa bindigarsa a daji. Yaron ya tsaya yana kallona, na yi dariya na gyaɗa masa kai. Na manta cewa wasan abokan wasa ido da ido ake yinsa, kowa na ganin haƙoran ɗan'uwansa. Waƙa kuwa ta shiga wayoyi, ta tsallaka gada har Girei, masu keke mai ƙafa uku na sa ta, kuma dariyar ba ta bi ta ba. Ga shi lokacin kowa tsoron baƙo yake yi.

Mai gidan haya ya fara korar Babarbaren da uwarsa, sannan 'yan sintirin unguwa suka ɗauke shi a gabanta. Na ruga wurin mai shirya wasan na roƙe shi ya zo ya faɗi cewa shi ya ƙirƙiri maganar. Wai in kwantar da hankalina, kamun ma talla ne, yanzu waƙar za ta yi tafiya! Ni da Bafulatanin muka yi ta zirga-zirga muna rantse-rantse har aka sako Babarbaren, kunne ɗaya ba ya ji. Ya kwashi uwarsa suka bar garin, ko sallama bai yi mini ba. Abokinsa bai ƙara riƙe makirufo ba, in ya hango ni a kasuwa sai ya sake hanya.

Yau ina jin samari na kiran mutumin nan uban sabuwar waƙa, sai zuciyata ta tafasa. Eh, ya canza kiɗan garin nan, amma da wuyan ɗan wani ya yi tsani, kuma ni na riƙe masa tsanin. 'Yan'uwana dattawa, ku kula da abin da kuke gyaɗa wa kai. Yaro na iya ce wa baƙo a'a, amma ba ya iya faɗa wa wanda yake jin kunyarsa. Irin waɗannan mutane sun san haka, shi ya sa suke biyowa ta wurinmu.