Kokawata da Namijin Barewa

Ko da zan manta da komai, ba na jin zan manta da safiyar da na yi kokawa da namijin barewa a cikin wani lambu da ke bakin garin Sakkwato. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai in ji jinina ya motsa, in kama murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Ni ɗan maharbi ne. A Ƙofar Kware aka haife ni, kuma tun ina ƙarami nake bin mahaifina daji, har na iya harbi daidai gwargwado. Sai dai a lokacin da nake ba ku labari, farauta ta riga ta zama tarihi a gidanmu. Daji ya cika da ɓarayi, ba mai shiga. Baba kuma yanar ido ta kama shi, sai dishi-dishi yake gani. Ni kuwa na koma gyaran injin ban ruwa da janareto a wata rumfa a Sama Road. Bindigar Baba mai baki biyu tana rataye a ɗaka, iyakata da ita in sauko da ita in goge, in shafa mata mai, in mayar. Allah kaɗai ya san yadda nake kewar daji.

Wata rana da la'asar na dawo gida na tarar da mota a ƙofarmu. Wani Alhaji ne, attajiri, ya zo da kansa wurin Baba. Ashe yana da wani makeken lambu da ya zagaye da katanga, kuma shekarun baya ya zuba 'yan barewa kaɗan a ciki don sha'awa. Suka yi ta haihuwa har wurin ya yi musu kaɗan. Sun cinye ciyawa ƙaf, sun koma ɓare bawon itatuwa, mazan kuma kullum cikin faɗa suke, suna kashe ƙanana. Ya ba da kyautar waɗanda za su kamu, amma manyan mazan sun gagara, in an matsa musu da raga sai tsoro ya kashe su. Likitar dabbobi da ke duba masa su ta ce ba makawa sai an rage su, hukumar gandun daji ma ta amince. Maharbi kawai yake nema.

Baba ya ce, “Alhaji, wanga aiki ya wuce ni yanzu, ido ya tahi. Amma ga ɗana nan. Hannunai bai rawa.”

Wallahi ban san lokacin da na ce “Na karɓa” ba, tun kafin Alhaji ya juyo ya dube ni. A ranar ko tuwo ban iya ci sosai ba don murna.

Washegari na isa lambun. Da aka buɗe mini ƙofa sai na tsaya cak. Barewa ce ko'ina, ja-ja da fararen cikkuna, suna kallona da manyan idanun nan nasu, kunnuwa a miƙe. Ban taɓa ganin barewa da yawa haka a wuri guda ba, ko a daji. Amma da na matsa sai na ga haƙarƙarinsu duk a waje, ƙasa kuma fes kamar an share.

Likitar na jirana a gindin mangwaro. Mace ce mai matsakaicin shekaru, Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna, ta daɗe a Sakkwato har Hausarta ta fara komawa irin tamu. Na gaishe ta na ce yau ma in ana so sai in fara.

Ta yi dariya ta ce, “Malam, yi haƙuri, ba yau ba. A daji in ka yi harbi sauran sai su gudu su tsira. Nan ina za su je? Katanga za su yi ta duka har su kakkarye. Ga gidajen mutane kuma a bayan katangar. Sai mun shirya.”

Haka kuwa aka yi. Na rufe rumfata, na koma mai kiwon barewa. Kullum da safe ni ke zuba musu dusa da harawa a wani ɓangare da aka killace da waya, riga ɗaya nake sakawa don su saba da ni. A hankali matan da 'ya'yansu suka koyi shiga can su ci. Likita kuma tana nuna mini mazan da za a cire ɗaya bayan ɗaya, har na haddace kamanninsu. Muka ɗaura katako a kan reshen wata tsamiya, yadda in na yi harbi daga sama harsashin zai nufi ƙasa, ba zai tsallake katanga ba.

Namiji ɗaya ne bai taɓa zuwa cin dusata ba. Tsoho ne, ya fi duka girma, ƙahonsa ɗaya ya karye rabi. Shi ne ya soki mai ban ruwan lambun a cinya har sai da aka yi masa ɗinki, shi ne kuma ya fi kashe ƙanana. Daga nesa yake tsayawa cikin duhuwar gwaiba yana hararata. Duk wanda ke lambun tsoronsa yake ji, ni kuwa, gaskiya, burge ni yake yi.

Ranar aikin, da muka fito sallar asuba, sai na ga Baba ya ɗauki sandarsa ya biyo ni. Na ce, “Baba, ina zuwa?” Ya ce, “In ban gani ba ai ina ji. Ɗauke ni mu tahi.” Na goya shi a babur. A lambun aka shimfiɗa masa tabarma kusa da ƙofa, gefen mahautan da Alhaji ya kira.

Gari na wayewa aka zuba dusa, mata da 'ya'ya suka shige ɓangarensu, Likita ta rufe su ta lulluɓe wayar da tamfol don kada su ga abin da ke faruwa. Na hau tsamiya. Zuciyata na bugawa kamar ganga, amma da na ɗora bindigar a kafaɗa sai na ji komai ya lafa, kamar ban taɓa barin daji ba. Na yi bisimilla na harba. Na farko ya faɗi nan take, ko shure-shure bai yi ba. Daga can bakin ƙofa na ji muryar Baba, “Ya samu! Wanga ya samu!” Daga ƙarar kawai ya gane. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa.

Tsarin da muka yi shi ne, duk wanda na harba sai in sauko in yanka shi da hannuna, a ɗauke, a jira sauran su natsu, sannan in sake hawa. Haka muka yi ta yi lafiya lau har rana ta ɗaga. Tsohon nan kuwa ko ƙyallinsa ban gani ba.

Na sauko ke nan don yanka na ƙarshe, bindiga na can sama, wuƙa kawai ke hannuna, na durƙusa kusa da kwatar ban ruwa, sai na ji Likita ta ƙwala ihu, “Malam, bayanka!”

Ina juyowa na gan shi. Ya fito daga cikin gwaiba, kai a sunkuye, yana tahowa kamar an harbo kibiya. Ba wurin gudu, ba lokacin tunani. Na goce gefe, ƙahonsa mai lafiya ya kama wandona ya tsarge shi har gwiwa, wuƙar ta yi nata wuri. Kafin ya juyo na yi tsalle na cafke ƙahonin da hannu biyu. Jama'a, kada ku ga barewa siririya ku raina ta! Ji na yi kamar na riƙe injin da aka tayar. Ya fizge ni, na fizgo shi, muka yi taga-taga muka afka cikin kwata, taɓo har baki. Yana shurina da kofato a ciki da ƙirji, ni kuwa na san in na saki ƙahon nan cikina zai farke.

Mahauta suka taso a guje suna salati, amma muryar Baba ce ta riga su isowa. Yana tsaye da sandarsa yana ɗaga murya kamar mai kallon dambe. “Kak ka sake shi! Murɗe wuyan zuwa ƙasa! Sa gwiwa ga kafaɗatai, ɗan maharbi!” Ban san inda ƙarfi ya zo mini ba. Na murɗa kansa gefe, na haye shi na danne da gwiwa. Ya yi wani nishi mai ƙarfi, ya ƙara shuri ɗaya, sannan ya lafa. Mahauta suka kama ƙafafunsa.

Sai a lokacin na lura dariya nake yi, ga taɓo a fuska, ga jini a gwiwar hannu, ga wando a yage. Ina jin bugun zuciyarsa a ƙarƙashin ƙafata, da sauri kamar tawa. Likita ta iso tana haki, ta fara duba ni, ta ga ba wani rauni mai zurfi, sannan ta buɗe bakin dabbar ta nuna mini. Haƙoransa duk sun cinye. Ta ce, “Ka gani? Ko an bar shi ba zai kai damina ba. Yunwa ce za ta kashe shi a hankali.”

Aka miƙo mini wuƙa. Na dube ta, na dubi Baba da aka jawo hannunsa har bakin kwatar. Na ce, “Baba, wannan naka ne.” Ya durƙusa, ya shafa ƙahon da ya karye, ya shafa wuyan a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya ce, “Namiji ne. Allah ya yi shi namiji.” Ya sa aka ba namijin barewar ruwa, aka juya shi gabas, ya yi bisimilla ya yanka, yanka ɗaya tak. Wannan ce dabba ta ƙarshe da mahaifina ya yanka a duniya, kuma har ya koma ga Allah, duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya ba shi labarin nan, yana ƙara gishiri, ni kuwa ba na gyara masa.

An raba naman ga ma'aikatan lambun da maƙwabta, har unguwarmu sai da ta ɗanɗana. Bayan damina na koma gyaran injin ban ruwan Alhaji, na tarar ciyawa ta kai gwiwa, bareyin sun yi ɓul-ɓul, ƙanana na ta tsalle-tsalle ba mai korarsu.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne, duk wanda ya killace rai ya ɗauki amanarsa, kuma riƙon amana ba ya tsayawa ga ciyarwa da shafa kai. Wata rana zai buƙaci ka yi abin da zuciya ba ta so don sauran su rayu. In ranar ta zo, ka yi shi da haƙuri, ka yi shi da sunan Allah, kuma ka girmama abin da ke ƙarƙashin wuƙarka.