Takardar da Ba a Zuƙa Ba

Ƙanena Abdulbaƙi mashayin taba ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Shekara talatin yana sha a ƙofar gida, ko liman ne ya zo wucewa sai ya gaishe shi da karan a yatsa. Na yi faɗa har na gaji. Ya ce, "Yaya, da in sha a bayi in fito ina tauna kanumfari, gara kowa ya san halina."

A wani ɗakin gwaje-gwaje yake aiki a Gashuwa, yana wanke kwalabe, yana saita ma'auni. Ɗansa ɗaya, Suhaibu, mai shagon kayan waya a kasuwar Nguru. Da sigarin lantarki ya shigo, Suhaibu ya fara sayarwa, ya kuma fara zuƙa. Har ya kawo wa uban guda mai ƙanshin mangwaro.

"Baba, bar wannan gawayin naka. Wannan tururi ne kawai."

Abdulbaƙi ya san ba shi da bakin yi wa kowa wa'azi a kan hayaƙi. Sai ya ce zai auna.

Ya haɗa babban sirinji da robar ƙarin ruwa, ya sa 'yar farar takardar tacewa a tsakani. Sirinjin ne ke zuƙa a madadin mutum: sakan uku, a huta rabin minti, a sake, har sau hamsin. Yakan ɗora takardar a ma'auni kafin a fara da bayan an gama. Nauyin da ta ƙara shi ne abin da ke shiga ƙirji.

Cikin Agusta ya yi wannan aiki, kogi ya cika, ko gishirin kicin ɗina ya jiƙe. Lambar da ya samu ta tsorata shi. Ya hau mota zuwa Nguru, ya tsaya cikin shagon a gaban masu ciniki, ya karanta ta da ƙarfi. Suhaibu ya ji kunya, amma ya kwashe kayan daga kanta, ya jefar da nasa. Ya koma zuwa gida duk Juma'a, su ci shinkafa da kifi a tire ɗaya.

Bayan sati uku Abdulbaƙi ya auna wata takarda da ya manta a bakin taga, wadda ba a zuƙa ba. Ita ma ta ƙara nauyi. Ashe wajen rabin lambarsa laimar damina ce.

Na ce, "Rufe bakinka. Ɗanka ya daina, me kuma kake nema?"

"Yaya, lambar ba daidai ba ce."

"Sai me? Wa zai sani?"

"Ni."

A gabana ya kira shi. Ina jin muryar Suhaibu ta wayar: "Wato Baba, a kan ruwan sama ka tozarta ni a kasuwa?" Suhaibu ya mayar da kayan kan kanta. Juma'a ta zo, bai zo ba. Har gobe ina ganin da ƙanena ya bi tawa shawarar, da ya fi.

Shekara biyu ya yi yana sake awon. Yana ajiye takardun cikin kwalba mai murfi, kullum kuma akwai guda da ba a zuƙa ba, don kwatance. Lambar ta ragu, amma takardar ba ta taɓa fitowa fara ba. Duk mai zuwa Nguru sai ya aike shi ya sayo sigarin lantarki guda a shagon Suhaibu, kada ya ce wa ya aiko. In ɗan aike ya dawo, kafin ya karɓi ledar sai ya tambaya, "Ya rame? Yana tari?"

Bara Abdulbaƙi ya kwanta rashin lafiya. Suhaibu ya kamo hanya, ya tarar an kai shi makwancinsa. Har yanzu in na wuce ƙofar gidan nakan ja numfashi, ina neman warin tabar da na tsana.

Kwana biyu kafin ya rasu ya miƙa mana littafin awonsa, ni da matarsa Rahima. Ya ce, "Ku ba Suhaibu. Kada ku yi masa faɗa. Kuma don Allah kada wanda ya yage shafin Agusta, ku bar shi ya ga inda na yi kuskure."