Ɗalibar da Na Kasa Koya wa Ɗinki

Shekarun baya, lokacin da aka turo ni Dakoro in koya wa mata ɗinki a wata santar, wato cibiyar koyon sana'a, ina ji da kaina sosai. Na fito formasiyo, wato horon malanta, da sabon diplom, gani nake duk wadda aka ba ni, wata shida ya isa in mai da ita tela.

Sai wata dattijuwa ta kawo mini ɗiyarta, budurwa, wadda Allah Ya yi da jinkirin fahimta. Fara'a kam ba a magana, amma abin da na nuna mata da safe, kafin azahar ya gudu. Wata huɗu muna kan zura zare a allura. Ranar da na ɗora ta kan keke, ta haɗa yadi da bakin mayafina ta ɗinke, sai da almakashi aka raba ni da keken. Aji ya ɗauki dariya, ita ta fi kowa.

Ni tawa dariyar ba ta kai ciki ba. Na gwada waƙa, na zana mata a allo, na tambayi direktanmu, ya ce shi ma ba a koya masa wannan ba. Kullum ji nake kamar ina cin amanar uwarta.

Ran nan na daure na tafi gidansu. Na tarar da uwar tana tankaɗe.

"Inna, gaskiya na zo in faɗa miki. Na kasa. Ɗiyarki ba za ta iya ɗinki a hannuna ba."

Ta ajiye rariya tana dariya. "Madam, sai yanzu kika gano? Ni fa na haife ta."

"To, don me kika kawo ta?"

"Da, a ɗaki take wuni. Yanzu da sassafe take wanka, wai za ta wurin aiki. Da ta yi zazzaɓi, ƙawayenta uku suka zo dubiya. Tunda take, ba a taɓa sallama a gidan nan don ita ba."

Duk jawabin da na tsaro a hanya ya watse. Na zauna na sha fura.

Shekara uku muka yi tare, ɗinki dai ba ta iya ba. Har yau nakan so a ce na san dabarar da za ta kama, amma na daina ganin zuwanta asara ne.

Ranar da aka canza mini wurin aiki, ta ga ina hawaye, ta dafa ni. "Madam, kar ki damu. In kin tafi, ni zan koya musu."