Kuskuren da Ya Ciyar da Gidana

Ni ban yi boko mai nisa ba. A ƙaramar sakandare na ajiye biro, kuma ban taɓa nadama ba, don na ga abin da waɗanda suka ƙarasa suka iya. Ɗaya daga cikinsu ne ya kashe mini sana'a, yana murmushi, yana jira in yi masa godiya.

Da farko gidan kallo gare ni a Daura, benci da talabijin da bidiyo. Da shari'a ta zo aka ce a rufe, na rufe, ban ja da kowa ba. Na sayar da kayan, na yi shekaru ina 'yan buge-buge, daga baya na haɗa kyamara da firinta da wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, na buɗe shagon hoto kusa da tasha. Maƙwabcina Ibo ne mai sayar da kayan gyaran babur, wutar janaretonsa muke sha tare.

Kwamfutar nan tana da wani hali. Duk wanda na ɗauka, in ka dube shi a gilashinta yana nan yadda Allah ya yi shi. Amma da takarda ta fito daga firinta sai ka ga mutum ya yi haske, ya yi jawur, kamar bai taɓa shiga rana ba. Ƙuraje su ɓace, fata ta kwanta luf. Ban san dalili ba, ban kuma nema ba. Mutane suka ce hannuna ne ke da kyau, na ce haka ne.

Kafin ka ce me, suna ya fita. Mata masu kalandar biki, samarin da za su ba budurwa hoto, zawarawa, har 'yan Nijar da ke tsallako iyakar Kongolam sayayya sai sun biyo. Akwai shaguna masu sababbin injuna da ke fitar da mutum sak, suna zaune suna korar ƙuda. Wa ke son a ba shi fuskarsa? Ai yana da madubi a gida. Da wannan na ciyar da iyalina, na sa yara a makaranta, na yi rufin kwano.

Ana gab da zaɓe wani Alhaji ya shigo, dillalin shanu ne a karar Mai'adua, yana neman kansila. Ƙato ne, rana ta gasa shi tun yana yaro, ga ƙaton tabo a goshi inda wani sa ya taɓa gaishe shi.

Ya ce, "Kai ne mai wanke mutane?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji."

"To fosta nake so. Ka wanke ni tas, yadda matata ma sai ta tambaya. In ta yi kyau, duk 'yan takararmu nan zan turo su."

Na zaunar da shi, na gyara masa hula, na ɗauka. Na ce ya dawo ranar kasuwa. A raina na riga na ga shagon ya zama biyu.

Washegari kwamfuta ta ƙi tashi. Na danna, na buga mata gefe yadda na saba, shiru. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Oga, bar dukanta, ba jaki ba ce. Akwai injiniya da ke zuwa daga Katsina, bari in kira maka shi."

Injiniyan ya zo da jaka a baya da tabarau a goshi, magidanci ne fes da shi, yana ƙamshin turare. Ya buɗe, ya hura ƙura, ya canja wani ɗan akwati da ke ba ta wuta, ta tashi. Aikin da aka kira shi ya yi ke nan, ya gama. Da ya ɗauki jakarsa a nan ya tafi, da yanzu ina yi masa addu'a.

Sai ya tsaya yana kallon gilashin yana girgiza kai.

"Malam, yaushe rabon da a yi mata afdet?"

Na ce, "Mene ne kuma haka?"

"Sabunta manhajar da ke tafiyar da ita. Wannan taka ai ta zamanin kakanni ce. Bari in yi maka, kyauta."

Kalmar kyautar nan ita ta ci ni. Ya haɗa ta da intanet na wayarsa, wani zobe ya yi ta juyawa, muka je azahar muka dawo yana juyawa, muka yi la'asar yana juyawa. Da ta farka ban gane ta ba.

Ya ja kujera ya zauna yana nuna mini kamar mai tallan magani a mota. Maɓallin da nake dannawa a kusurwa an mayar da shi tsakiya. Me ya yi wa masu manhajar a kusurwar? Bai sani ba. Akwatunan da ke buɗewa an goge musu kaifin gefe, sun zama masu lanƙwasa. Wa suka taɓa yanka? Akwai inda za ka danna komai ya koma baƙi don kada ido ya gaji. Akwai wata murya da za ka yi wa magana ta amsa, na ce mata sannu da aiki, ta kawo mini hotunan jiragen ruwa. A can ƙasa kuma ga ɗan hoton rana, wai tana sanar da ni yanayi. Ina zaune a Daura, gumi na bin bayana, kwamfuta na gaya mini ana rana.

Ya ce, "Sannan sun gyara kurakurai da yawa. Ta daina sandarewa, ta daina cin wuta, launi ma in ka buga zai fito daidai."

Na ji wannan ta ƙarshen, ta wuce ta kunnena kamar sauran shirmen. Na raka shi bakin titi har da ɗaga hannu.

Ranar kasuwa Alhaji ya iso da mutanensa, suka cika shagon da warin kara. Na buɗe hotonsa, da ƙyar ma na gano inda aka ɓoye wurin bugawa, na danna. Takarda ta fito. Ga Alhaji nan baƙi ƙirin, ga tabon sa ya fito raɗau, har jan goro a haƙoransa bai ɓuya ba.

Ya riƙe takardar nesa, ya matso da ita kusa.

"Wannan wane ne?"

Wani cikin mutanensa ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne. Wallahi kamar ka yi magana."

"Rufe mini baki! Na ce ban san kaina ba ne?" Ya juyo gare ni. "Malam, in wannan nake so ai da na tsaya a bakin titi da kaina su kalle ni. Abokin takarata ya fito kamar Balarabe, ni ka fito da ni kamar wanda aka kama da satar shanu?"

Na ce ya yi haƙuri, tawada ce. Na sake bugawa, Alhaji ya sake fitowa. Na canja takarda, shi ne dai. A nan maganar injiniya ta dawo mini.

Na kira shi a waya a gabansu. Na ce, "Injiniya, ka zo ka mayar mini da kuskurena."

Ya yi dariya. "Wane kuskure, Malam?"

Na yi masa bayani. Ya ce ai wannan matsala ce tsakanin tsohuwar manhaja da firinta, duniya ta daɗe tana kuka da ita, shi ya sa aka gyara. Duniya! Wace duniyar? Ni dai a Daura ban ji wanda ya yi kuka ba. Na ce ya dawo da tsohuwar. Ya ce ya share ta don wuri ya samu, kuma masu ita ma sun daina ba da ita. Ya ce in ina son haske akwai wani layi a gilashin da zan ja da linzamin kwamfutar.

Na ja layin. Alhaji ya fito fari fat har da hularsa da bangon baya, kamar ya faɗa buhun fulawa, idanu kawai ake gani. Mutanensa suka fita waje suna dariya a ɓoye. Shi kuwa ya naɗe babbar rigarsa ya fita. Bayan nan na ga fostarsa a bangunan gari, a Kano aka buga, ya yi jawur, babu tabo. Sauran 'yan takarar ko inuwarsu ban gani ba.

Matan ne suka ƙarasa ni. Wata amarya ta karɓi kalandarta, ta duba, ta ce, "Baba, ko dai hannun ya lalace?" Magana ta zaga gidajen biki. Na kai kwamfutar wurin masu gyara a Katsina da Kano, ina roƙo a lalata mini ita yadda take, suna kallona kamar mai taɓin hankali. Kowa ya iya gyara, babu wanda ya iya mayar da ɓarna inda ya same ta.

Yanzu cajin waya nake yi a shagon, sai ɗan hoton fasfo in an samu, shi dama hukuma ke so, ba ruwanta da kyau. 'Yan matan da ke kawo caji ina ganinsu suna ɗaukar kansu, su shafa yatsa a gilashi, su koma jawur, ƙuraje su ɓace. Na tambayi wata, ta ce sabon abu ne da ya zo da afdet. Wato abin nan dai da yake hannuna suka ce kuskure ne, suka bi ni har shago suka ƙwace, shi ne suka sa wa suna suka raba wa kowa.

Kwamfutar tana nan, ba ta sandarewa, ba ta cin wuta. Kullum da safe in na kunna ta takan fito da saƙo cikin ladabi, wai akwai sababbin gyare-gyare suna jirana. Nakan danna mata a bari sai an jima, in juya in karɓi wayar mai caji.