Motar da Baduku Ya Yi wa Rufi

Sharaɗi biyu Baba ya kafa mini a kan aikin koyarwa da na samu a Gagarawa. Na ɗaya, a Gumel zan riƙa kwana, kuma duk ranar da aka kira magariba ban shigo gida ba, aikin ya ƙare. Na biyun sai daga baya ya zo, bayan ya ga motar da na saya da idonsa.

Da farko ban ɗauki na ɗayan a bakin komai ba, don ban san hanyar ba. Sati biyu na yi ina bin motar haya na gane kurena. Yau a samu mota, gobe ki zauna a tasha har inuwa ta juya, direba yana jiran mutum uku da buhun gero. Sau biyu ina sa ƙafa a zaure ladan yana gyaran murya. Baba agogonsa kawai ya duba, ni kuwa gara ya zage ni da wannan dubawar.

Kawuna, ƙanin Inna, direban babbar mota ne. Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo tun ina zuwa hutu daga sakandare, wai yana so ya ga ko mace za ta iya. Shi ne kuma ya zo da labarin wata mota a Maigatari, ta wani Bafaranshe da ya gama aikinsa a Damagaram ya koma ƙasarsu. Na sa aka sayar da saniyata da ke wurin kiwo, na haɗa da ɗan abin da na tara, na nemi izinin hedimasta, muka tafi ranar Alhamis, ranar kasuwa.

A bayan kara, wato kasuwar dabbobi, muka same ta, awaki sun kwanta a inuwarta. 'Yar ƙarama ce, fara a da, ta kusa sa'a da ni a shekaru. Sitiyarinta a hagu yake, ya kuwa yi daidai, tunda ba a daɗe da komawa bin hannun dama ba. Rufinta wani baƙin ƙyalle ne a kan ƙarafa masu naɗewa kamar lema, rana ta cinye shi, duk ya yayyage.

"Madan," in ji mai sayarwar, wani dogon ɗan Damagaram, "wannan sai dai ki gaji da ita ki bari, ita ba ta gajiya."

"Haka kuka ce da raƙumin da ya mutu a hanyar Babura," in ji Kawu. Ya buɗe gabanta, ya zaro fulogi ya shinshina, ya sa na tayar da ita ya kara kunne. Ni dai duk na ƙosa.

"Kawu, tana tafiya ko ba ta tafiya?"

"Ke 'yar nan, ko akuya za a saya ai a duba haƙori."

Muka saye ta. Ni na tuƙo ta har Gumel, rufin a naɗe, iska tana neman fizge mini ɗankwali. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ba zan ɓoye ba.

Baba ya fito ya kewaye ta sau ɗaya, hannu a baya.

"Ina rufinta?"

"Ga shi nan, Baba, naɗe shi ake yi."

"Wato haka za ki riƙa ratsa gari, kowa yana kallo, kamar an kasa yalo a faifai?" Ya taɓa yagaggen ƙyallen da ɗan yatsa. "A rufe ta. Ranar da na ji an gan ki a cikinta a buɗe, shi ma aikin ya ƙare."

Irin wannan ƙyallen babu shi a Gumel, Kawu ya ce ko a Kano sai an sha yawo. Muka gwada tamfol na babbar mota, tela ya karya allura huɗu ya ce mu ɗauke kayanmu. Daga nan ne Kawu ya kai ni wurin wani tsohon baduku a kasuwa, mai ɗinka guga da kube da takalma. Tsohon ya auna ƙarafan da igiya, ya ƙulla, ya sake aunawa da taƙi. Kwana takwas ya yi yana aiki. Kirgi biyu ya haɗa, wato jemammiyar fatar sa, ya ɗinke su da tsirkiya, ya yanka taga a baya ya liƙa tsohon gilashin robar. Ya yi kyau, ja jawur, ana naɗewa ana buɗewa ba gardama.

"Malama," ya ce da ni, "fata ba ƙarfe ba ce, ci take yi. Duk Juma'a ki shafe ta da man shanu, ciki da waje."

"To," na ce, ina neman makulli.

Juma'a uku na shafa. Wari ya ishe ni. Ƙudaje suka riƙa bin motar kamar rumfar mahauta, man yana narkewa da rana yana ɗigo mini a kafaɗa, yara a aji suna toshe hanci suna dariya ƙasa-ƙasa. Na daina, ban kuma ga abin da ya faru ba, sai na ce tsohon ya cika fi'ili ne.

Sauran jikin motar ya ishe ni tunani. Kullum da safe sai na duba ruwan lagireto da baƙin mai, ga galan na ruwa a baya. Rairayin hanya yana shiga kafireta, Kawu ya koya mini yadda zan kwance in hure. Fanbel ya taɓa tsinkewa, muka yi sati muna jiran 'yan kasuwar Alhamis su kawo wani daga Damagaram, ni kuma na koma motar haya da faɗuwar gaba. Ko tana tafiya lafiya kunnena yana kan injin. Ta yi ɗan tari, sai in dubi rana in ƙiyasta ko zan iya ƙarasawa da ƙafa.

Sai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Da bazara ta shigo, cikin motar nan ya zama tanda, kirgi ya rufe ki ba iska. Akwai wata kuka bayan an bar gidajen Gumel. A nan nake tsayawa in waiga, in naɗe rufin, in yi tafiyata a buɗe cikin daji. In zan dawo, a nan nake mayar da shi. Da farko nakan rufe kafin in isa Gagarawa, amma makarantarmu a gefen gari take, ta wajen hanyar Gumel, a bayan azuzuwa nake ajiye motar, sai na daina wahalar da kaina.

Ranar da aka yi ruwan farko, cikinsa na fita da safe. Rufin ya riƙe, ko ɗigo bai shigo ba, amma ya jiƙe sharkaf, wani wari na tsohuwar fata ya cika motar har ina jin amai. Ruwan yana ɗaukewa na tsaya na naɗe shi a jiƙensa. Haka na ajiye ta a makaranta. Rana ta fito da ƙarfinta, irin ta bayan ruwa, ta wuni tana dukansa. Ga shi an yi taron malamai, hedimasta ya yi ta magana a kan rajista, ba mu tashi ba sai bayan la'asar.

Duk da haka ina da lokaci. Na iso kuka rana tana da sauran tsayin mutum biyu a kan itatuwa. Na fito na kama rufin na ja, ya ƙi. Na sake ja. Ya bushe a naɗe, ya ƙandare kamar ganda. Na hau kujera na sa ƙarfi, ƙarafan suka ɗan ɗago da ƙara, fatar ta buɗe rabi ta tsaya. Ta kuma tsuke, ko da ta miƙe ba za ta kai ƙugiyoyin gilashin gaba ba, da sauran fiye da taƙi.

Na duba agogo. In na shiga gari a haka, kafin in kai ƙofar gida mutum ɗari sun gan ni, ga masu shirin masallaci a kowane zaure. In na tsaya kokawa da shi, magariba ta same ni a daji. Ko ta ina aikin ya tafi. Na tuna ajina, na tuna zaman gida, ni da tsintsiya da jiran wanda zai zo zance. Na daki rufin da tafin hannu har sai da hannun ya yi zafi.

"Me ya yi miki kike dukansa?"

Wata dattijuwar Bafulatana ce, ta dawo daga tallan nono, ƙwarya uku a kai. Ta tsaya tana kallona ba ko gaggawa.

"Inna, ya ƙi buɗuwa, kuma sauri nake."

Ta sauke kayanta, ta matsa fatar da babban yatsa, ta kai hanci.

"Yaushe rabonta da mai?"

Na shiga ƙirga watanni da yatsu.

"Ai na gani. Ke 'yar boko ce ko? Gugan da ya kwana biyu a rana, kin taɓa ganin an zura shi haka? Jiƙa shi ake yi tukuna. Kina da ruwa?"

Na ɗauko galan ɗin lagireto na juye duka. Fatar ta shanye kamar ba a zuba ba. Ta ce akwai rijiyarsu a bayan gonar can, da guga a bakinta. Na kwashi galan da babbar ƙwaryarta na ruga, zani a hannu. Rijiyoyin wajenmu kuwa ba a ganin ruwansu, sai kin zura igiya kin gaji. Sawu uku na yi, ƙirjina kamar zai fashe. Ita tana zubawa a hankali cikin kowane ninki, tana murzawa da hannu.

"To, ja," na ce da kaina, na kama.

"Bari!"

Ban bari ba. Na fizga, ɗinkin gefe ya ce ɓarat, ya farke kamar tsawon yatsa.

"Kin gani? In kin yaga ta sai ki rufa da ɗankwalinki. Zauna."

"Inna, rana faɗuwa take!"

"Da ni da ke babu mai riƙe ta. Zauna, ta sha."

Na zauna a bakin hanya. Ban taɓa yin zama mai tsawo irin wannan ba, ko da yake agogo ya ce bai fi minti goma ba. Rana ta taɓa kan itatuwa. Shanu suka fara wucewa gida. Ita kuwa ta buɗe ƙaramar ƙwarya, ta kwaso ragowar man shanun da bai sayu ba, tana cusa shi a ninkin tana ba ni labarin wata surukarta mai irin halina.

Sannan ta ce in kama gefe ɗaya, ta kama ɗaya. Muka ja tare, kaɗan-kaɗan, tana cewa "saki, ja, saki." Fatar ta riƙa miƙewa tana ƙara. Ƙugiyar hagu ta shiga. Ta dama ta rage kamar yatsa biyu, na rataya a jikinta da duk nauyina, ƙafafuna suka bar ƙasa, ta shiga.

Na miƙa mata abin da ke bakin zanena, ta ɗauki kuɗin man shanunta ta mayar mini da sauran. Ban ma yi mata godiya yadda ya kamata ba, har yau abin yana damuna. Na tayar da mota, ta yi tari sau biyu, ta kama.

Ruwa da mai suka yi ta zubo mini a ka har gida. Ina karya kwanar layinmu na hango Baba a ƙofar zaure da buta, yana wanke ƙafa ta biyu. Ina kashe mota aka ɗaga kiran salla.

Na fito a jiƙe, riga ta manne, ina warin guga. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, wadda ta bushe tun hantsi. Ya zo ya danna rufin, ruwa ya biyo yatsansa.

"An sake ruwa a Gagarawa ne?"

Ƙarya tana bakina, a shirye. Amma gobe zai tambayi mutanen tasha.

"A'a, Baba."

"Buɗe shi kike yi."

"A daji kawai. Zafi ne. Ba wanda ya gan ni sai wata mai nono."

Ya ajiye buta ya wuce masallaci, bai kuma sake ta da maganar ba da ya dawo. Na kasa cin tuwo. Inna ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce ta ƙyale ni.

Da safe na shirya, na ɗauki littattafaina kamar kullum, don ba wanda ya ce kada in je. Na fito ban san ko zan tarar da makullin a inda nake rataye shi ba. Yana nan. A waje kuwa tsohon baduku ne a kan motar, da basilla da tsirkiya, Baba yana tsaye a kansa. Ya ɗinke inda na farka, yanzu kuma yana ɗaure kowace gaɓa ta ƙarafan, yana ɗinke bakin fatar a jikin ƙarfen gilashi, ɗinki kusa da kusa.

"Malama, ina kwana," in ji tsohon, bai ɗago ba. "An ce kin hana ta abinci."

"Wari take."

"Yanzu kuwa za ku saba."

Na dubi Baba. "In tafi in ya gama?"

"Kin makara ma," ya ce. "Ki gaya wa hedimasta ni na tsayar da ke."

Shekara biyu na ƙara ina koyarwa a Gagarawa da motar nan, rufinta bai sake naɗuwa ba. Duk Juma'a kafin a tafi masallaci sai na shafe shi da man shanu, Baba yana zaune a zaure yana kallo. Da bazara nakan jiƙa tawul in ɗora a wuya, in sauke gilashin gefe duka biyu, in isa aji rigata ta jiƙe da gumi har baya.