Ranar da Aka Tsayar da Ni a Teku

Wata Juma'a ce a ƙarshen damina, ina aji biyu na sakandare a Minna, aka tura mu kwaso toka daga murhun masu tuyar ƙosai a bakin makaranta. Malamin jogirafi, wani dogo mai gilashi, ya zana Najeriya da kara a filin ƙwallo, mu kuma muna bin zanen muna barbaɗa toka, har kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu a tsakiya. Washegari ne ranar al'adu. Ya ce kowa zai sa kayan gargajiyarsu ya tsaya a kan ƙasar kakanninsa, iyaye su zo kallo.

Wallahi ina son darasin mutumin nan. Yana da tsohuwar taswirar duniya da ɓera ya ci gefenta, yakan rataye ta a allo ya kai mu inda ake cin shinkafa da tsinke, da inda ake gina ɗaki da ƙanƙara. Sai in koma gida Ketaren Gwari ina surfen dawa ina zuba wa ƙannena labari kamar na je. Ashe duk faɗin duniyar da ya sani, bai tanadar mini wurin sa ƙafa ba.

Babana Banufe ne daga Bida, tela a kasuwa. Innata Bagwariya ce, danginta na noman doya wajen Tagwai. Ni kuwa a Minna aka haife ni, Hausa kaɗai ta zauna a bakina. Kakata ta wajen uwa ta ara mini baƙin zanenta na saƙi, ta ce da ƙafarta za ta zo ta ga jikarta.

Da safe na nufi wajen 'yan Gwari da rawar jiki, suka ce ai gari na uba ne, in matsa. Na matsa wajen Nufawa, wata ta gaishe ni da Nufanci, na kasa amsawa, suka tuntsire da dariya. Na haura arewa wajen Hausawa, suka dubi zanena suka ce, "Ke kuma daga ina?" Na je na sami malam, ga baƙi sun fara zama, ko dubana bai yi ba. "Ke kin cika rikici," in ji shi, "je can ƙasa ki riƙe bokitin ruwa." Can ƙasan kuwa bayan Legas ne, inda ya rubuta teku da toka.

A nan nake tsaye Kaka ta iso, ƙwaryar doya a kafaɗa kamar yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya, tsarabar malam ce ta kawo. Na ga tana leƙa fuskokin 'yan Gwari ɗaya bayan ɗaya tana murmushi, har murmushin ya ƙare. Da ta hango ni, sai ta ratso ta tsakiyar taswirar tana tattake tokar, malam na ihu, "Mama, layi! Layi!" Ta kama hannuna ta ce, "Ajiye ruwan nan, mu je gida." Da doyarta muka koma. Na ji kunya, na ji haushi, kuma daga ranar na koma kujerar baya a ajinsa.

Yau Kaka ta daɗe a ƙasa, filin ƙwallon ma shaguna sun cinye rabinsa. Yara na buɗe waya su ga duniya duka, har rufin gidana a Shango suna nuna mini. Amma bara da aka sa ranar al'adu a makarantar 'yata, wadda ubanta ɗan wani yaren ne daban, sai da ta gama shiri tsaf na ce ta tuɓe, ba inda za ta. Ta yi ta kuka tana tambayata laifin me ta yi. Abin da ya fi ci mini rai, kayan sun yi mata kyau.